'Yar Tasa a Tsakiyar Rufin Ɗakin Inna

A gidanmu na Maradun ni ce 'yar aike tsakanin mahaifiyata da yayana, tun ina yarinya har furfura ta fara leƙo mini. Ba faɗa suka yi ba. Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa a Damri ta tashi, cikin mutanen da ba su wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye matuƙar akwai wani mai numfashi a kusa da za a bi ta kansa. In ya zo gaishe ta a bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kallon buta, sannan ta juyo gare ni ta ce a tambaye shi ko ya ci abinci. Ni kuma in juya in tambaye shi, alhali da kunnensa ya ji.

Tun daga yaye aka kai shi Damri wurin kakanninmu. Can ya girma, daga can ya wuce makaranta, daga makaranta sai aiki a birni. Ni da na zo bayansa da nisa na san cinyar Inna, na san bayanta, na san ranƙwashinta. Shi kuwa ba na jin ya taɓa sanin launin zanen gadonta.

Bayan rasuwar Baba, wata damina mai ƙarfi ta tona asirin ɗakin Inna. Ɗakin soro ne na laka, tsoho ƙwarai, amma tun da na yi wayo da silin na san shi, irin silin ɗin kwali da ake bugawa da ƙusa, wanda Baba ya sa aka yi a wata shekara da gyaɗa ta yi albarka. Silin ya jiƙe ya yi ciki, ruwa na ɗiga kan katifa, ga warin ruma ko'ina. Na ɗauko Inna na kawo ta gidana a Talata Mafara. Yaya ya zo ya leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, ya girgiza kai, ya yanke hukunci a tsaye: a rushe, a yi mata na bulo da rufin kwano. Kafin mu ankara an jibge bulo da yashi a ƙofar gida.

Ba zan zalunce shi ba, alheri ya nufa. Mutumin da ba a bar masa hanyar zama kusa da uwarsa ba, abin da ya rage masa shi ne ya yi mata gini. Amma da na faɗa wa Inna, sai ta ajiye carbinta a kan tabarma.

"In anka rushe ɗakin nan, kada a maishe ni Maradun," in ji ta. "Ku bar ni nan in ƙarasa kwanana."

"To Inna, ki hwaɗa mai mana da bakinki. Ga waya."

Ta yi mini wani kallo kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. Ni na kai saƙon, yadda na saba. Sai dai saƙon da ya bi ta bakin wani yakan huce a hanya. Yaya ya yi dariya, ya ce tsofaffi duk haka suke, ranar da ta ga tayil yana ƙyalli za ta manta. Raina ya ɓaci, na kashe wayar ba sallama. Na san Inna, in ta faɗi magana ta faɗa ke nan, kuma ina ganin yadda take ramewa a gidana, ta zauna tana kallon hanyar fita kamar baƙuwar da ke jiran mota.

Babbar 'yar Yaya ce ta shiga tsakani. Sana'arta ke nan a birni, tsara cikin ɗakuna, ta zaɓi fenti da labule da fitilu, amare na rububinta. Ita da Inna kuwa wasan jika da kaka suke yi ba ƙaƙƙautawa. Duk maganar da aka hana uban, an sakar wa 'yar. Ta roƙi ubanta ya ba ta ranin nan kawai ta gwada gyara ɗakin yadda yake. Ya yarda da ƙyar. Ya ce kafin ruwan farko zai zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba bulo na nan bai je ko'ina ba.

Ni ban saki jiki da ita ba. Na ga ayyukanta a waya, ɗakuna farare fat, ba tarkace, ba ko ƙwarya ɗaya, sai ka rantse ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Na ce mata in ta mayar mini da ɗakin uwata masaukin baƙi, ni da ita ne. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ki bari mu buɗe mu ga abin da ɗakin ka so tukun." Na ce yau na ji sabon salo, ɗaki ma yana da abin da yake so.

Ranar da za a cire silin na tafi Maradun da hantsi, don kada a yi wa kayan Inna ɓarna. An fitar da gado da akwatuna da jeren kwanukanta tsakar gida. Masu aiki biyu suka hau tsani suka fara ɓamɓarar kwalin, yana zubowa da kashin ɓera da tsohuwar yanar gizo. Na toshe hanci da mayafi ina mita. Da suka janye babban falle na tsakiya, sai na ji ɗayansu ya yi salati.

Na ɗaga kai.

Ashe ɗakin da na girma a ciki rabinsa kawai na sani. Sama da inda silin ya tsaya, rufin ya ci gaba da hawa, ya yi tsawon da ban taɓa zato ba. Daga kowane bango wasu ginshiƙai kaurara biyu na laka sun taso, sun lanƙwasa a hankali, sun haye sama sun sadu da 'yan'uwansu sun sarƙe, irin ginin da magina ke kira ɗaurin guga. A tsakaninsu an jera azara, wato tsagin itacen giginya, baƙi wuluk saboda shekaru, an jera ta a karkace, wannan layi ya kalli gabas, na kusa da shi ya kalli arewa, kamar saƙar faifai. A jikin kowane lanƙwasa akwai zane da aka tayar da yatsa tun lakar na ɗanya, har sawun yatsun yana nan, kana ganin inda mai zanen ya danna da inda ya sassauta. Can ƙololuwa, inda duka suka haɗu, an kafa wata 'yar tasa a cikin lakar, bakinta na kallon ƙasa.

A ƙarƙashin wannan abu aka haife ni, a nan na yi ƙyanda, a nan aka sa ni a lalle, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini akwai shi. Na ji kwarjinin ɗakin ya cika ni, irin yadda kakan ji in ka shiga gaban babban mutum. Na rasa abin yi, sai na tsinci kaina na cire takalmi, a cikin wannan datti. 'Yar yayana kuwa ta zauna a kan bokitin fenti ta tallabe haɓa. Da ta buɗe baki cewa ta yi a mayar da fentin nan shago.

Ta aika garin Ruwan Gizo aka zo da wani tsohon magini. Ya hau bisa ya sauko, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, ya ce gara ba ta ci komai ba sai 'yan kaɗan a kusurwar yamma. Indararo ne ya toshe, ruwa ya kwanta a bisa, silin kuma ya ɓoye ɓarnar har ta yi nisa. Ya sauya azarar da ta lalace, ya sake yaɓe saman da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ya sa indararo sabo mai faɗi. Shi yana bisa, ita tana ƙasa, suna ta shawara da ƙarfi ta taga. Ya ba ta nasa ra'ayin, ta ba shi nata, wani lokaci su yi musu har a kira sallah.

Abin da ta yi a ciki shi ya fi ba ni mamaki, don yawancinsa ƙin yi ne. Ba ta shafe zanen ba, ba ta cike sawun yatsun ba. Farar ƙasa ta sa aka shafa wa bango da lanƙwasan, siririya, yadda zanen zai fito, aka bar azara da baƙinta, aka goge ta da mai kawai. 'Yar tagar da ba ta wuce faifai ba aka faɗaɗa ta, aka sa gilashi da raga. Daɓen ƙasa ya riga ya farfashe, sai ta nemo tayil mai launin jar ƙasa, marar santsi, don ƙafar tsohuwa. Alkukin da ke jikin bango, inda ake ajiye fitilar aci-bal-bal a da, ta bar shi yadda yake, ta sa aka ja waya a ɓoye aka kafa wurin cajin waya da rediyo a cikinsa. Ta gefe aka fasa ƙofa zuwa sabon banɗaki mai ƙarfen dafawa, don Inna ta huta da ratsa tsakar gida.

Mun yi faɗa, ba sau ɗaya ba. Ni na so labule mai furanni da ƙyalƙyali, irin wanda in an shigo za a san an kashe wa tsohuwa. Ita ta kawo farin saƙi marar ado ta rataya. Na ce wannan ai zanen jego ne. Ta ce, "Gwaggo, ɗakinga ya riga ya yi kwalliya tai, in munka ƙara sai shi zan hayaniya." Jeren kwanukan Inna, da na ɗauka za ta kai su ɗakin ajiya, sai ta sa kafinta ya yi musu kantoci na katako a bango guda, ta jera su ba cunkoso, masu ja a gefe, masu shuɗi a gefe. Kwanukan da na saba gani a cushe har na daina ganinsu, ranar na san suna da kyau. A kan 'yar tasar sama ma mun ja. Na ce tsohuwa ce, gefenta ya yi tsatsa, har da loɓawa, a ciro ta a sa sabuwa. Ta ce wanda ya sa ta ya san dalili, ita ba ta cire abin da ba ta san dalilinsa ba.

Sai fitilu. Ba ta rataya ƙwai a tsakiya ba. Wasu siraran fitilu ta ɓoye a gindin kowane lanƙwasa, masu aiki da sola, haskensu ba fari ba, ruwan zuma. Wata la'asar ta rufe taga da ƙofa ta ce in tsaya a tsakiya, ta kunna. Hasken ya bi lakar ya hau, kowane zane ya yi inuwa, rufin ya zama kamar ya ƙara tashi sama. Na ce Allahu akbar ban san na faɗa ba. Mutanen da suka gina wannan ba su taɓa ganinsa haka ba, da 'yar fitilar mai suka san shi. Ita kuma da ta haska shi ba ta san ko sunayensu ba. Amma ka ce tare suka zauna suka tsara.

Inna duk wannan ba ta tambayi komai ba. Sau ɗaya ne kawai, ranar da na koma Talata Mafara na ce mata an cire silin. Tana ɓarar gyaɗa, sai hannunta ya tsaya.

"Komi na nan?" ta ce.

"Kamar mi, Inna?"

Ta ci gaba da ɓararta.

Bazara ta kai maƙura, hadari ya fara haɗowa ta gabas yana watsewa, Yaya ya aiko cewa yana tafe. Muka ɗauko Inna da rana tsaka, zafi kamar ya tsaga kai. Da muka shiga gidan ta tsaya ta dubi bulon da ke jibge a ƙofa, ta wuce. A bakin ɗakinta ta cire takalmi, ta yi bismilla, ta sa ƙafa. Sanyin ɗakin ya tarbe mu. Ba ta kalli tayil ba, ba ta kalli taga ba, ba ta kalli kwanukanta ba. Kai tsaye sama ta ɗaga kai, ta daɗe a haka har na ji tsoron jiri zai ɗebe ta, na riƙe mata hannu. Sannan ta taka ta zauna a bakin gado.

"To tsohuwa, na iya ko ban iya ba?" in ji jikarta.

"Ke dai kin cika surutu," in ji Inna.

Ba a jima ba Yaya ya iso. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi gajiyar hanya, Inna na amsawa tana kallon yatsun ƙafarta. 'Yarsa ta ce ai ba a duba aiki daga waje, ta matsa masa sai da ya shigo. A iya sanina ranar ya fara tsayawa a tsakiyar ɗakin uwarsa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya zagaya a hankali, ya shafa bango, ya sa yatsansa a cikin sawun yatsan wani da ya mutu tun kafin a haife mu.

"Ya yi kyau," ya ce. "Wallahi ban san akwai wanga abu ba. Amma laka laka ta, ado ba ya hana gini hwaɗuwa. Ni hankalina bai kwanta ba tukun."

Na saci kallon Inna, fuskarta ba ta nuna komai ba, sai dai ta damƙe bakin zanen gado.

Ya ci gaba da dube-dube, ya ce kuma ɗaki ba fanka a wannan zafi? Ya nuna ƙololuwa, ya ce ga wurin fanka nan an bar wata ruɓaɓɓiyar tasa. Ya leƙa tsakar gida ya ƙwala wa mai gyaran wuta da ke ƙarasa aiki a can kira, ya ce ya zo da tsani ya ɓamɓare ta.

"A'a!"

Duk muka juya. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya a gabansa ba. Ita ma kamar ta tsorata da kanta, ta yi maza ta mayar da idonta kan jikarta, ta kafe shi a nan.

"Ke, hwaɗa ma ubanki kada a taɓa tasar can."

"Don mi, Kaka? Ta wa ta?"

"Tashi ta. Cikinta nika ba shi kunu." Ta gyara zama. "Randa anka yaye shi anka zo ɗaukatai zuwa Damri, ban yi kuka ba, don ba a yi. Ko zaure ban raka su ba. Kwanakin nan magina na bisa suna gyaran ɗakinga, sunka ce a ba su tasa ta ado su sa ga tsakiya. Ina da sababbi jere. Na ɗauko wagga na miƙa musu. Har uwar mijina tay yi man hwaɗa, wai rowa ta sa na ba da tsohuwa. Na ƙyale ta. In na kwanta, ita nika kallo har barci shi ɗauke ni."

Mai gyaran wuta ya iso bakin ƙofa da tsaninsa ya tsaya.

"To da Kaka namiji yas sa anka rufe da silin," in ji jikar a hankali, "ba ki ce komi ba?"

"Mi za ni ce mai? In ce a bar man tasar wa?"

Kuka ya taso mini, na danne shi da mayafi. Shekaru nawa ina kai saƙo ina kawowa tsakanin mutanen nan biyu, ko ya ci abinci, ko ya iso lafiya, ina ganin na san duk abin da ke tsakaninsu. Ashe babban saƙon yana bisa kaina a rufe da kwali.

Yaya ya ɗaga wa mai tsani hannu alamar ya koma. Ya juya ga 'yarsa, don shi ma bai iya kallon gadon ba, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ba mai taɓa ɗakinga. Ko bayan raina." Sannan ya cire hularsa ya ajiye. Mutum mai furfura a gemu, cikin shaddarsa mai guga, ya zauna a kan tayil, ya miƙe ƙafa, ya kwanta rigingine a tsakiyar ɗakin, daidai ƙarƙashin tasar. Yana kallonta, hawaye na gangarowa ta gefen ido suna shiga kunnensa, bai share ba.

Inna ta kawar da fuskarta wajen bango. Ta kai hannu baya ta jawo matashin da ta jingina da shi, ta miƙo mini ba ta waiwayo ba.

"Ke, miƙa mai. Ƙasa da sanyi."

Na karɓa na durƙusa kusa da shi. Ya ɗaga kai na sa masa, matashin da sauran ɗumin jikinta.